Robon 'Yata da Sikelin Gyada

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana ajin ƙarshe a lise, wato sakandaren fasaha, a nan Garwa, tsakar gidana ya koma kamar garejin bakanike. An zaɓe ta ita da wani abokin karatunta su haɗa robo, a kai shi gasar 'yan makaranta a Ngawundere. Da ta fara ce mini robo, na zaci abu ne mai kai da ƙafafu da zai riƙa gaishe ni da safe. Ashe akwati ne mai taya huɗu da hannu ɗaya kamar ludayi. Aikinsa ya ɗauki gwangwani ya kai inda aka zana masa.

Gasar tana da doka guda mai tsauri: akwai nauyin da aka yanka, in robo ya ɗara shi ko da nauyin albasa ne, ba zai shiga fili ba.

Abokin nata shi ke gina jikin, ita ke da wayoyi. Kowace taya da moter ɗinta mai juya ta, kowane moter kuma da wani ɗan allo kore da ke ba shi umarni, suna ce masa kat. Sai ta zauna a tabarma ta tanƙwashe ƙafa, ga ja ga baƙi, tana liƙa su da dalma, warin ya cika gidan har ya shiga miyata. Ranar da ta juya waya ɗaya, tayoyin dama suka yi gaba, na hagu suka yi baya, abin ya hau juyi kamar mai bori, ya kifar mini da ƙwaryar gari. Na ce, "Wannan ɗan naki ba shi da tarbiyya." Ta ce, "Dada, jikanki ne, ke ya ɗauko."

A bayan kowane kat ta ɗaura wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da 'yar fanka a gefe. Na tambaye ta amfaninsu. Ta ce kat ɗin in yana aiki zafi yake kamar kaskon tuya, waɗannan ne ke sha masa iska, in babu su ƙonewa zai yi.

Makarantar ba ta da sikelin da zai ɗauki abin. Maigidana kuwa sayen gyada da masara yake yi daga manoman wajen Ngong, kuma yana da babban sikeli a sitonsa, tsoho, gadon mahaifinsa. Ba wanda ya kai shi murna da robon nan. Sunan mahaifiyarsa yarinyar ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata, amma a watannin nan sai ta koma Injiniya. Bayan la'asar shi da kansa yake ɗora robon a babur su tafi awo. Yana isa zai ce da masu dako, "Ku sauke buhun nan, Injiniya ta zo." Su dawo suna dariya, ya sayo mata soya, wato tsire, ni ko tayi babu.

Kullum sikelin cewa yake akwai sauran wuri. Sai maigidana ya ce tunda haka ne a cire katakon ƙasan a sa farantin ƙarfe, don hanyar Ngawundere ba ta raga wa katako. Aka sa. Aka ƙara batir mai girma. Aka auna, har yanzu bai kai iyaka ba.

Abokin nata yaro ne mai kunya, Kirista, iyayensa daga ƙauyukan kan dutse suka sauko suna noma kusa da Ngong. Wata rana ina tankaɗe na ji ya rage murya ya ce mata, "Mu gwada shi a wani sikelin ma, ko na masu sayar da gas ne."

Ta ɗago. "Na Babana bai ishe ka ba?"

"A'a, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

Ya dubi zaure inda maigidana ke alwala, ya ce, "Ba komai." Na ji a muryarsa akwai sauran magana, amma na ɗauka irin gardamar yara ce, na ci gaba da tankaɗena.

Ranar tafiya uban ne ya raka su. Ni dai kun san ni, ko nan kusa Pitowa aka ce in je sai kaina ya yi ciwo tun kafin in hau mota. Na yi musu dambun nama, na tsaya bakin ƙofa ina addu'a.

Washegari kafin azahar waya ta yi ƙara. Maigidana ne. "Sikelin mutanen nan ƙarya yake yi! Wai mun ɗara da fiye da kilo!" Ban samu na ce komai ba ya kashe.

Sauran labarin daga baya na tattara shi, rabi a bakinta, rabi a bakinsa. An ba su ɗan lokaci su rage nauyi ko su janye. Farantin ƙarfen ba ya ciruwa, don a kansa aka ɗaure komai. Suka cire murfi, suka rage tsawon hannu, bai isa ba. Sai ta ɗauki sukudireba ta kwance fankokin da matajan nan ɗaya bayan ɗaya, abokin yana ce mata, "Zai ƙone fa." Ta ce, "Na sani. Ko ya ƙone a fili, ko ya koma gida a kwali."

Aka sake awo, robon ya tsira. Ya shiga fili ya ɗauki gwangwanin farko kamar da wasa, ya ɗauki na biyu, har mutane suka fara tafi. Yana juyowa sai wari ya tashi, hayaƙi siriri ya fito ta ƙasa, tayoyin hagu suka mutu. Ya tsaya wuri ɗaya yana zagaye da gwangwani a hannu har aka busa usur.

A waje maigidana bai huce ba. Ya tsare malaminsu yana cewa shi tun kafin a haifi masu gasar nan yake awo, ba za a zo a nuna masa sikeli ba. Sai yaron nan, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba Alhaji, ka yi haƙuri. Naka na saye ne. Yana cin na buhu."

Maigidana ya rabu da malamin ya juyo ya dubi yaron.

Ga waɗanda ba su san harkar ba: mai sayen amfanin gona yakan mayar da sikelinsa baya kaɗan, wai don nauyin buhu da ƙasa da danshi. Kusan kowa haka yake yi, manoma ma sun sani, ba a dai faɗa. Mahaifinsa ne ya saita shi haka tun maigidana yana yaro. Ya tashi ya same shi a haka, ya yi shekaru yana aiki da shi a haka, har ya manta cewa hannu ne ya taɓa taɓa shi.

'Yata ta dube shi, a gaban malamin da yaron, ta ce, "Baba, to mahaifin wannan in ya kawo gyada mai tsabta, busasshiya, shi ma ana cin nasa?"

Ya juya ya tafi neman motar komawa gida.

Da suka dawo, daga sallamarsu na gane akwai matsala. Shi ya yi tasa, can ita ma ta yi tata, kamar baƙi biyu da suka haɗu a ƙofa. Ta ajiye kwalin a ɗakin ajiya. Da na kai masa abinci ya ce mini, "Wallahi ban tuna ba. Da na tuna, ni zan cuci Uwata?" Na yarda da shi, har yau na yarda. Na ce ya kira ta ya faɗa mata haka. Ya ce, "Wannan na iya faɗa. Ɗayar tambayar fa, me zan ce?"

Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi. Tana durƙusawa ta gaishe shi, yana amsawa, yana biyan kuɗin makaranta, ta kai masa ruwan wanka. Amma ba ta sake taka sito ba, shi kuma bai sake ce mata Injiniya ba. Ya taɓa yi wa ƙannensa da suke kasuwanci tare maganar a gyara sikelin, suka ce in shi kaɗai zai gyara a duk layin, to ya raba musu rabonsu tukuna. Maganar ta mutu a nan. Ni kuma na sa a raina lokaci zai daidaita su, ai uba da 'ya ne.

Ta tafi Duwala karatu, ta samu aiki a can, yanzu manyan injuna take haɗa wa wayoyi. In ta kira, ni da ita sai mu cinye kati, shi kuwa "Lafiya lau, Allah ya yi albarka," ya miƙo mini wayar. Amma da na ajiye zai ce, "Me ta ce? Wane inji ne kuma?" In ba shi labari da kalmomin da ban san ma'anarsu ba, yana gyaɗa kai yana murmushi.

Allah ya yi masa rasuwa ba su zauna sun yi maganar ba. Bayan an watse daga zaman makoki, muna tsintar shinkafa ni da ita, ta ce, "Dada, da na bari mun dawo gida sannan na tambaye shi."

Na ce, "Ko a gida ne, ba shi da amsar."

Ta ce, "Ai ba amsar nake jira ba. Jira nake ya ce in zo mu sake haɗa wani."

Na ajiye faifan. Shi ma abin da ya yi ta jira ke nan, ta ce masa za ta sake haɗa wani. Kowa ya riƙe tasa don kunya, ni ina tsakiya ina jin duka biyun.

Abin da ya rage mini ke nan, 'yan'uwa. Robo ƙarfe ne, da an sake wani. Amma in kun ga mutum biyu a gidanku sun koma gaisuwa mai kyau babu hira, kada ku ce ai ba faɗa suke ba. Ku zaunar da su tun suna da rai. Allah ya jiƙan maigidana, ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya manta.