Safayar Baba Ajiye

Da asuba na tarar da shi yana ɗaura soso a bel ɗin kujerarsa da igiyar takalmi. Baba Ajiye ke nan, direban motar kayanmu. Ni ke lodi. Sunan ya bi shi ne don bai taɓa yar da komai ba. Ƙarƙashin kujerarsa mataccen fulogi ne, da noti, da rabin madubi.

Soson kuwa saboda ƙirjinsa ne. Lokacin da ya yi ciwon daji, likitoci suka dasa masa wata ƴar roba ƙarƙashin fata, kusa da kafaɗar hagu, daidai inda bel ke bi, da siririn bututu zuwa jijiya, ta nan ake ɗura masa magani. Ciwo ya tafi. Aka ce ya zo a cire, ya ƙi.

"Kai yaro ne," in ji shi, alhali na yi furfura. "Ranar da ka sauke safaya, ranar taya ke fashewa."

Tsoro yake ji, bai dai faɗa ba. Aka ce to ya riƙa zuwa ana wanke bututun. Mutumin da bai taɓa saɓa ranar juyen mai ba, shi ya daina zuwa, wai layin asibiti ya fi na gidan mai.

Ran nan hannunsa ya kumbura har agogo ya ƙi ɗauruwa. Ya shafa man zafi, ya ce sanyi ne. A kwana ta farko sitiyari ya gagare shi, muka tsaya ƙiris da teburin mai lemo. Ban yi masa wa'azi ba. Na zare makulli na sa a aljihu, na kira ƴarsa.

A asibiti aka ce jini ne ya daskare a jijiyar da bututun yake. Nas ta tambaye shi yaushe rabonsa da wanki.

"Na mota ko nawa?"

"Naka, Baba."

Ya kalli silin.

Suka ba shi maganin tsinka jini, daga baya suka cire robar. Kafin a shiga da shi ya riƙe rigata: in ciwon ya dawo fa? Na ce masa sai su sa sabuwa, tasa ta riga ta mutu. Wannan ya gane.

Da ya dawo aiki, na ga ya kwance soson daga bel. Ya juya shi, ya kalli bola, ya tura shi ƙarƙashin kujera.