Zumar da na mayar wa Yaya

Haƙorina na gaba a hanyar Sharaɗa na bar shi, ranar da mai adaidaita ya afka da mu rami bakina ya daki ƙarfe. Ina aiki ne a teburin karɓar baƙi na wani kamfanin robobi, duk wanda ya shigo fuskata yake fara gani. Na gaji da magana da hannu a baki, na je aka yi min dashe: ƙusa ce suke kafawa cikin ƙashi, in ta kama su ɗora haƙori a kai. Likitar ta san ina da ciwon suga, sai da ta ga ya sauka ta yarda ta taɓa ni.

Da farko lafiya lau. Daga baya dasashin wajen ya kumbura ya yi ja, in na sa aswaki sai jini. Na faɗa wa Yaya, babban wanmu, wanda ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Malami ne, zaurensa a Nassarawa ba ya rabuwa da ɗalibai, kuma a gidanmu in ya yi magana an gama. Duk kaka ana kawo masa zuma daga ƙauye ya raba mana. Ya aiko min da gora guda, ya ce in sha safe da yamma, in shafa a dasashin.

Na sha, na shafa. Kumburin ya ƙaru, bakina ya fara wari har ni kaina ina ji, abokiyar aikina ta koma miƙo min takarda daga nesa. Da na koma asibiti likitar ta auna sugana ta ajiye abin awon tana kallona.

"Hajiya, me kike ci?"

Na ce babu abin da na canja sai zuma.

Ta ce in suga ya hau a jini, har yawu yana zaƙi, ƙwayoyin cutar baki su samu abinci, jiki kuma ya kasa korarsu. Haƙorin dashe ba shi da kariyar da na halitta yake da ita, da sun cinye dasashi sai su gangara ƙashin da ya riƙe ƙusar. Ta nuna min hoton, gefe guda ya fara zaizayewa. In na ci gaba, haƙorin zai girgiɗe ya fita, kuma ba lalle a samu inda za a sake kafa wani ba.

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Daga asibitin gidan Yaya na nufa da gorar a jaka. Ya kamata in jira ɗalibai su watse, na sani, amma ni ba a haife ni da jira ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye gorar a gabansa.

"Yaya, na dawo muku da ita. Tana hau min da suga."

Ya ce, "Zumar? Abin da Allah Ya ce akwai waraka a cikinsa?"

Na ce, "Ban musa ba, Yaya. Ruwa ma rahama ne, amma ba a ɗura wa wanda kogi ya ci. Bakina ne yake ruɓewa, ba na likita ba, ba naku ba."

Ya ce in tashi in ba shi waje, na tashi.

'Yan'uwa suka yi min ca, wai na kunyata shi, wai aikin kamfani ya fetsare ni. Na ce su faɗi son ransu, wanda ya ji zafi shi ke kuka. Na koma kan maganina, na rage tuwo, likitar ta wanke ƙarƙashin dasashin, ta ba ni wani ɗan siririn buroshi da nake bin gefen haƙorin da shi bayan kowane abinci. Jinin ya tsaya. Ƙashin da ya tafi ya tafi, amma ragowar ya riƙe. Duk Juma'a ina zuwa gaida Yaya, yana amsawa yana kallon littafinsa, abin yana ci min rai, amma ban fasa zuwa ba kuma ban ba da haƙuri ba.

Da kaka ta zagayo aka kawo zuma, aka kai gidan kowa ban da nawa. Wannan ta fi komai yi min ciwo. Na ɗauki gora na tafi, na same shi yana tsiyaya wa wani maƙwabci.

"Yaya, na zo karɓar rabona. Ni ce mai suga, 'ya'yana ba su da shi."

Ya karɓi gorar ya cika ta har tana zuba a yatsunsa, ya miƙo min.

Na ce, "Haƙorin yana nan, tunda ba ku tambaya ba."

Ya goge hannunsa a hankali. "Na gani tun daga ƙofa," in ji shi. "Ke da bakinki ba ya rufuwa."