Ƙayar da Ban Ji Shigarta Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ba mu jiki amana, kuma zai tambaye mu a kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tun da lokotoro ya shaida mini ina da ciwon sukari, na ɗauka duk wahalar a baki take. Na bar shayi mai zaƙi, na rage fura da tuwo, na kiyaye shan ƙwayoyina. Ranar da aka tara mu masu ciwon a likita, wato asibiti, nan Tawa, an yi mana maganar kula da ƙafa, amma hankalina yana kan abin da aka hana ni ci.

Da bazara wani abokin karatuna ya rasu a Affala, aka gabatar da ni in sallace shi. Mu ba mu saba tsayawa gaban mamaci da takalmi ba. Na tuɓe nawa yadda na ga malamaina suna yi, na tsaya kan tsakuwa da rana tsaka. Na bayana suna ta sauya ƙafa saboda zafi, ni kuwa ban ji komai ba, har na zaci natsuwa ce Allah Ya saukar mini.

Bayan kwanaki uwargidana ta ga tabo a buzun sallata.

"Malam, miƙo ƙafar nan in gani."

"Ke da ba ki gani sai da gilashi?"

"Ni da gilashi na gani. Kai da idonka biyu kake yawo da ƙaya."

Ta aduwa ce, ta nutse ƙarƙashin ƙaramin yatsa, wurin ya kumbura ya yi ruwa. Kabu-kabu ya kai ni likita. Lokotoron, sa'an ɗana ne, ya cire ta, ya daɗe yana wankewa, sannan ya ce, "Baba, ciwon nan yana kashe jin ƙafa sannu a hankali. Kada ka taka ta sai ta warke, salla ma a zaune. In ka ci gaba da tsayawa, maganarmu za ta wuce yatsa."

Shafa a kan ɗaurin ƙafar wajen alwala bai dame ni ba, babi ne da na sha karantarwa. Abin da ya dame ni shi ne limanci. Ni ke jan salla a masallacin unguwarmu tun gemuna bai yi furfura ba, kuma a mazhabarmu na zaune ba ya jan na tsaye. Da bakina na koya wa almajiraina wannan hukunci. Dattawa suka zo gaishe ni, wani ya ce, "Haba Malam, daure mana, raka'a nawa ce duka?" Wani ya kawo garin bagaruwa a barbaɗa. Na yi musu godiya, ban barbaɗa ba. Zuciyata kuwa tana tare da na farkon, domin ban san ko ni wane ne ba in an raba ni da wannan wuri.

Duk da haka na kira babban almajirina na ce ya shiga gaba. Ya sunkuyar da kai, sai da na maimaita. Aka ajiye mini kujera a ƙarshen sahu.

Yatsan bai tsira ba, an yanke shi. Ƙafar ta tsira.

Yanzu kowace alwala dubawa ce. Ina taɓa ruwan da gwiwar hannu in ji zafinsa kafin ya kai ƙafa, in tsane tsakanin yatsu da ƙyalle, in duba tafin da madubin uwargida, in kakkaɓe takalmi kafin in sa. A jana'iza ina tsayawa da takalmina masu tsarki, ina ganin masu satar kallo.

Na warke, ina iya tsayawa. Amma jama'a sun saba da muryar almajirina, ba wanda ya ce in koma gaba, ni ma ban nema ba. Ɗaya ƙafar kuma tana ƙara yin shiru irin na ƴar'uwarta, ina dubanta ina roƙon Allah.

Allah Ya ba mai karatu lafiya mai amfani, Ya tsare shi da iyalinsa daga cutar da ke shigowa ba a ji ba. Amin.