Malama Sikeli da Uku Cikin Goma

Kafin a buga ƙararrawar safe Malama Sikeli ta riga ta buɗe ɗan ofishinta, wanda ke maƙale tsakanin ɗakin karatu da sito. Takan fara da kokawa da tagar nan mai cijewa, ta goge tebur, sannan ta jera kujeru biyu a gabanta, ɗaya ta ɗalibi, ɗaya ta uwa ko uba. A hukumance aikinta shi ne bai wa 'yan ajin ƙarshe shawara kan neman gurbin karatu a jami'a. A bakin yara kuwa ita ce Sikeli, domin idan ka zauna gabanta sai ta auna ka tsaf. Za ta duba makinka na shekarun baya, ta tambayi fannin da kake so, ta tuno yawan masu rububinsa da irin makin da aka tsaya a kai bara, ta ɗan lumshe ido, sannan ta faɗa maka matsayinka ba tare da kwana-kwana ba.

"A cikin goma, bakwai nake ba ka," za ta ce. Ko kuma, "Ɗana, biyu ce, biyun ma da ƙyar ka kai ta."

A ƙarshen wannan zangon take ajiye aiki, shi ya sa ya dace a faɗi abin da idanu suka gani tun tana iya ji da kunnenta.

Ba kowa ke fita daga ofishin nan yana murmushi ba. Akwai yaron da ake kira Na-Ɗaya, saboda tunda ya shigo makarantar ba a taɓa ture shi daga saman aji ba. Mahaifiyarsa ta rantse jami'a ɗaya tak zai nema, wato babbar nan da ake turereniya a ƙofarta, kuma likitanci. Malama ta ce huɗu take ba shi.

"Huɗu? Ɗan nawa?" uwar ta miƙe tsaye. "Malama, kin san wanda kike magana a kansa kuwa?"

"Na sani, Hajiya. Amma kowace makaranta tana da nata Na-Ɗayan, kuma dukansu can za su nufa. Ya nema, ban hana ba. Sai dai ya haɗa da wata jami'ar da nake ba shi tara."

Uwar ta fita ko sallama babu. Malama ba ta yi zuciya ba, ta yi ta bin yaron har ya haɗa da ta biyun. Babbar jami'ar ba ta ɗauke shi ba, ta biyun ta karɓe shi hannu bibbiyu. Yau likita ne, kuma uwar tasa duk inda ta hango Malama sai ta tsallako titi ta riƙe mata jaka.

Amma labarin da har yanzu ake ba sababbin malamai shi ne na Auta, 'yar direban babbar mota. Yarinya ce shiru-shiru, mai zama a kujerar baya, wadda ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai kamar ta yi laifi. Ba ta taɓa leƙa ofishin ba, Malama ce ta aika aka kira ta, bayan malamin lissafi ya nuna mata takardun jarrabawarta.

"Me kike son karanta?"

Da ƙyar muryar ta fito. "Ginin gada, Malama."

"Gada? Me ya haɗa ki da gada?"

"Baba kullum idan ya dawo daga tafiya, kukan gadoji yake yi."

"To ina kike son nema?"

Auta ta ambaci wata ƙaramar kwaleji kusa da gida. Da Malama ta ambaci babbar jami'ar, yarinyar ta zaro ido ta ce ai wannan ba ta irinsu ba ce. Malama ta ce ta turo mata babanta.

Ya zo ran da ya sauke kaya, hannunsa duk baƙin mai, ya zauna a bakin kujera. Malama ta zayyana masa komai. Lissafin Auta ya kai, har ya yi rara. Turancinta da sauran gyara. Babbar matsalar ita ce jami'ar ba ta tsayawa kan maki, sai an zauna gaban malamanta an amsa tambayoyi baki da baki, ga shi yarinya ba ta iya haɗa ido da kowa.

"To nawa kika ba ta?" in ji shi, don labarin sikeli ya kai har gareji.

"Uku cikin goma."

Ya jujjuya hularsa a hannu. "Malama, ni fa idan aka ce mini motoci goma za su hau gada bakwai su rufta, wallahi juyawa zan yi."

Malama ta tuntsire da dariya. "Baban Auta, a nan ba a ruftawa. Idan ba su ɗauke ta ba, kwalejin tana nan, goma cikin goma. Kuma ukun nan ba a dutse aka rubuta ta ba. Ka ba ni yarinyar nan bayan tashi, mu ga abin da Allah zai yi."

Ya dubi 'yarsa. "Auta, kina so?"

Ta gyaɗa kai sau ɗaya.

Daga nan ofishin ya koma zauren gwaji. Malama ta haɗa kwamitin ƙarya: malamin lissafi a tsakiya ya haɗe rai, ma'aikaciyar ɗakin karatu a gefe, sai Baba mai gadi da aka ara wa tabarau marar gilashi, aka ce shi ne shugaban jami'a. Zaman farko Auta ta shigo ta tsaya ƙiƙam, ta fashe da kuka, ta fita. Na biyu ta iya faɗin sunanta. Haka aka yi ta fama, har Malama ta fara tunanin ko ta ɗora wa 'yar mutane kayan da ya fi ƙarfinta. Abin ya tsaya mata a rai, don ta san idan yarinyar ta je can ta daskare, ba lalle ta sake yarda da kanta ba.

Rannan Baba mai gadi ya gaji da tambayoyin da aka ba shi ya haddace. Ya cire tabarau ya ce, "Ke 'yar nan, bar batun shugaba. Ni abin da ke ɗaure mini kai, yaya babanki zai hau gada da buhunan siminti har sama, ƙasanta ruwa, amma ba ta karye ba?"

Auta ta dube shi. Ta jawo kwalayen alli biyu, ta ɗora rula a kansu, ta danna tsakiya da yatsa. Ta fara bayanin inda nauyi ke bi, inda ƙarfe ke ja, inda siminti ke tokarewa. Murya ta buɗe, hannu na yawo, har tana cewa, "A'a Baba, duba nan!" Malamin lissafi ya manta an ce ya haɗe rai, ya hangame baki. Malama kuwa ta miƙe tana tafi kamar ƙaramar yarinya.

"Haka za ki yi wa malaman jami'ar! Duk wanda ya tambaye ki, ki ɗauka Baba mai gadi ne!"

Auta ta je ganawar ta dawo, aka shiga jira. Duk wanda ya tambayi Malama sai ta ce ta ƙara mata zuwa biyar, ko ɗaya ba za ta ɗora ba.

Ran da sakamako ya fito ana tsakiyar darasi, sai aka ji hon na babbar mota a bakin ƙofa, ba ƙaƙƙautawa. Yara suka yi caa a tagogi. Shugaban makaranta ya fito a fusace, sai ga Baba mai gadi ya wangale ƙofa yana rawa. Baban Auta ya diro daga mota, takalmi ƙafa ɗaya, yana ɗaga waya sama.

"Sun ɗauke ta! Malama! Ina Malama? Sun ɗauki Auta!"

Makaranta ta kaure da ihu. 'Yan ajinsu suka ɗaga Auta sama tana dariya tana hawaye. Malama, wadda ciwon gwiwa ya hana ta sauri tun tuni, ba wanda ya san yadda aka yi ta iso tsakar fili. Ta karɓi wayar ta karanta, ta sake karantawa, ta rungume yarinyar.

"Malama, sikelin nan naki a kai shi gyara!" in ji direban yana share ido. "Uku fa kika ce!"

"Na ce uku, ban ce ba ta cikin ukun ba!"

Shugaban makaranta ya duba ya ga ba mai komawa aji, shi ma ya shiga tafi.

Malama, ke ce mai faɗin gaskiya da fuska a sake. Ke ce kika sauko da mai gigi ba tare da kin karya shi ba, kika ɗaga mai tsoro ba tare da kin yi masa ƙarya ba. Kin sha harara daga iyaye, kin sha a ce kina kashe wa yara gwiwa, ba ki taɓa ƙara wa kowa ko rabin maki don a so ki ba. Ba a kiran sunanki ranar yaye ɗalibai a jami'o'in nan, amma da yawa daga masu sanye da rigar, daga kujerar gaban teburinki suka tashi. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki.

Ku kuma malamai da iyaye da yayye, akwai yaro kusa da ku da ke hangen abin da bai shirya masa ba, akwai kuma wata a kujerar baya da ta yanke wa kanta hukunci tun ba a tambaye ta ba. Ku zaunar da su, ku faɗa musu inda suke tsakani da Allah, sannan kada ku tashi ku bar su da lissafin, ku tsaya a yi aikin tare.

Auta tana shekarar ƙarshe yanzu. Da ta ji Malama za ta ajiye aiki, ta bugo waya ta ce gadar farko da za ta gina, Malama ce za ta fara takawa.

"To ki yi sauri," in ji Malama, "kuma ki sa mata abin dafawa."