Kanwa da Ƙanwata

Ko zan manta komai a duniya, ban da jegon da ƙanwata ta zo yi gidanmu, a ƙauyenmu kusa da Bunkure. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Haihuwar fari ce. Ba ta daɗe da fara wanka ba ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya soma gagararta, ba ta iya barci sai a jingine. Na kai ta asibiti a Kano. Likita ya duba hoton ƙirjinta, ya ce zuciyarta ce ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ya taru a gefen huhunta. Ya rubuta magani mai sa fitsari, ya ja mana kunne: ban da gishiri, ban da kanwa, su ke riƙe ruwa a jiki.

Da muka dawo na zayyana wa Gwaggo, yayar babanmu, wadda ke kula da jegon. A duk bayanina kalma ɗaya ta kama: ruwa.

"Ai na faɗa! Yarinyar da ta dinga shiga ruwan gonar shinkafa da tsohon ciki? Sanyi ne. Zafi ke busar da shi."

"Gwaggo, cewa aka yi zuciya ce."

"Zuciya? Wa ya ɓata mata rai a gidan nan? Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, ke za ki koya min jego?"

Ashe kullum na fita Islamiyyar da nake koyarwa, sai Gwaggo ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kan ƙanwata har ta shanye. Maganin kuwa ta ɓoye, wai yawan fitsari zai ƙafar da nono. Ban sani ba sai ranar da na tarar da ƙanwata tana haki, leɓɓanta sun canja launi, ga kwanon kunu a gefenta.

"Yaya, kunyar ce mata a'a nake ji," ta ce da ƙyar.

Muka ɗauke ta sai asibiti, amma ba mu wuce Kura ba ta cika a cikin mota. Ranar gaisuwa Gwaggo tana ta cewa kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma wallahi ƙaddara ba ta dama kunu.

Abin da na koya shi ne, girmama manya yana da iyaka, iyakarsa kuwa ran mutum. 'Yar da ƙanwata ta bari ni na raine ta, kuma na koya mata cewa a'a tun kafin ta iya gaisuwa.