Baba Arzika da Ruwan Alwalar Kwalejinmu

Kafin ƙarfe bakwai Baba Arzika yake isowa daga Kwatarkwashi a kan kekensa, da buhu ɗaure a baya. Lebura ne a kwalejinmu da ke Gusau, aikinsa shara da ban ruwa. Yakan fara da tsince ledojin ruwa da ɗalibai suka yar, sannan ya zagaya bayan masallaci ya duba shukokinsa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ni kuwa na rasa ta inda zan fara yi masa godiya.

Shekara biyu da suka wuce muka yi babban taro a kan gurgusowar hamada, ni ne sakataren kwamitin. Manyan baƙi suka dasa dogonyaro arba'in, aka ɗauki hoto, kowa ya shiga motarsa. Ba wanda ya tambayi inda ruwa zai fito. Baba Arzika ne ya ɗauki fartanya ya ja 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin kowace shuka. Sau biyar a rana mutane na alwala, sau biyar shukoki na sha. Talatin da ɗaya suka rayu.

Luba mai abinci ta ba ni labarin ledojin. Ta ce cika su yake da ƙasa da taki ya reni iri a ciki, duk wanda ya nema ya ba shi kyauta, har mutanen garin Mada. Mu kuwa mun buga takardu fiye da cikin buhu a kan illar leda, ga su can gara na ci.

Bana muka sake shirya taro, muka sa masa suna Taron Kare Muhalli. Kwamiti ya ce caɓin bayan masallaci abin kunya ne a idon baƙi, a toshe hanyar da siminti, ruwan ya bi kwata. Ni na buga takardar umarnin da hannuna. Baba bai yi musu ba, har yashi ya taya ɗauka, yana ta fara'a. Na yi mamaki, amma ban tambaya ba.

Ranar taro sai ga shi da farar riga da hula, ya zauna a kujerar ƙarshe. Kwana uku yana sauraron Turancin da ba ya ji. A rana ta uku ya tare ni a bakin ƙofa.

"Malam, yaushe za a kai ga maganar ɗakunan?"

"Waɗanne ɗakuna, Baba?"

"Ba muhalli kunka ce ba? Na aza muhallin ƙananan ma'aikata za a raba. Ƙafafuna sun gaji da wanga keke."

Kunya ta kama ni. Na yi masa bayani cewa muhallin da muke nufi shi ne ƙasa da iska da ruwa da itatuwa. Ya dubi bayan masallaci.

"To itacen can, su ma muhalli ne?"

Na ce ƙwarai.

"Kuma don taronsu kunka hana su ruwa? Malam, ko dai ni ne ban gane ba?"

Wallahi har yau ina juya maganar ta kowace fuska, na kasa gane wanda ya fahimci kalmar nan tsakaninmu da shi.

Tun da aka toshe hanyar, da bokiti yake ɗibar ruwa daga rijiyar bakin katanga, sahu ashirin kullum, ga shekaru. Duk da haka huɗu sun bushe.

Baba Arzika, kai ne ka yi aikin da muka yi ta rubutawa. Ɗakin ba ka samu ba, ko sunanka ba mu ambata a jawabin godiya ba. Ka yafe mana. Allah ya saka maka da alheri, ya sa inuwar nan ta zame maka sadaka mai gudana.

Ranar Litinin zan roƙi kwamiti a fasa simintin, ban san ko za su yarda ba. Ku kuma masu shirya taruka a makarantu, kafin ku buga takarda ku nemi irin Baba a harabarku ku tambaye shi. Jiya ya shigo ofishin malamai da bokitinsa, ya yi sallama ya ce, "Wa zan bar ma wannan?" Mu tara ne a zaune, kowa ya sunkuyar da kai. Ya ajiye shi a gaban teburina ya fita.