Jan Faifai a Gefen Hagu

Shekarar da kuɗin mai suka cika gari, kowa a Sakkwato ya koma hawa tasi, Baba ya sayar da geronsa ya sayi mota sabuwa fil. Mu biyu ne maza a gidanmu na Ƙofar Marke, kuma dukanmu mun iya tuƙi. Yaya aka ba makulli. Ni kuwa bokiti da soso aka ba ni.

Bayan shekara biyu hawan jini ya kayar da Yaya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Makulli ya dawo hannuna, amma da sharaɗi: ranar da Yaya ya warke, in mayar. Ina masa addu'ar samun sauƙi, wallahi ina yi, sai dai ban taɓa roƙon Allah ya gaggauta ba.

Da ya fara takawa da sanda, likitan gashin ƙashi ya ce a nema masa abin motsa ƙafar. Baba ya kira wani bakanike abokinsa, suka haɗa mota a zaure. Kujerar wata mota da ta mutu, sitiyari a kafe cikin turmi, totur da birki da kuloci a kan katako. Baba, wanda bai taɓa tsayawa ya ga tuƙina ba, shi ne kullum bayan la'asar yake durƙusawa yana ɗora ƙafar Yaya a kan kuloci da hannunsa. Maƙwabta su cika ƙofa suna sa albarka. In na dawo daga jigilar fasinja a Sama Road da gumi, ba mai ce mini sannu.

Ni aka sa in zama hanya. In tsaya gabansa riƙe da jan faifan Inna, in ɗaga ina kiran abin da ya gitta, shi kuma ya taka birki.

"Jaki!"

Ƙaf, ya taka.

"Mai keke! Raƙumi! Soja da bulala!"

Da gangan nake jero su ba numfashi don ya rikice. Haushin da nake ji shi ne muguntar tawa ta ƙara masa ƙwarewa. A wata uku ƙafar ta fara jin magana, Baba ya sa ranar Juma'a za a fitar da shi titi.

Saura kwana biyu muryata ta dishe, sai na ɗaga faifan ban yi magana ba. Ta dama, ya taka. Ta hagu, ya ci gaba da murza sitiyari. Na sake, na sake. Ashe duk watannin nan da kunne yake tuƙi. Abin da ke hagunsa ba ya ganinsa, kuma bai san ba ya gani ba. Ga shi tun da aka sauya hannun tuƙi, ta hagun motoci suke tahowa.

Abin kunya, daɗi na fara ji kafin tsoro.

Na sami Baba na gaya masa. Bai bari na kai ƙarshe ba.

"Hassada ta, wanga yaro. Na daɗe ina ganin ta ga idonka."

Bai yi ƙarya ba.

Ranar Juma'a zaure ya cika. Yaya ya sa farar riga, ya ce a yi zagaye ɗaya a motar zaure kafin a fita. Na kira jaki, ya taka, aka yi kabbara. Sai na rufe bakina, na koma gefen hagunsa, na ɗaga faifan dab da kunnensa. Na riƙe shi a nan, ban sauke ba. Surutu ya ɗauke. Yaya yana ta tuƙi, fuskarsa cike da fara'a.

"Ƙanena, ina ka shiga?" ya ce. "Hito da jakin mana, shi nika jira."

Baba ya miƙe a hankali. Ya ciro makullin da ya karɓa daga hannuna da safe, ya ajiye a kan faifan da nake riƙe da shi, bai dubi fuskata ba. Ya durƙusa ya sauke ƙafar Yaya daga kan kuloci.

Shekara goma sha ɗaya na tuƙa motar nan. Baba bai taɓa shiga ba, ko ranar da ruwa ya tare shi a hanyar kasuwa na tsaya na buɗe masa ƙofa.